Bindigar da Ta Bar Bangon Zahran

Washegarin Babbar Sallah, mutanen Sudaira na ta shirin binne nama a ramin gashi, aka aiko wa Sulayyim mota wai Zahran na nemansa, an yi masa sata. Sulayyim ya daɗe yana kallon takalminsa kafin ya zura ƙafa. Shekararsa saba'in da huɗu, hamsin daga ciki a sunkuye ya yi su, yana bin sawun raƙuman da suka ɓace da mutanen da suka ɓatar da su. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya fara hazo, garin kuma an bi shi lungu-lungu an shafe da siminti da tayil, sai ka ce da gangan don a kashe masa sana'a. Ya gaji, gajiya irin wadda barci ba ya maganinta.

Ɗakin bindigogin Zahran ya fi masallacin unguwa sanyi. Arba'in da ɗaya yake da su: masu lagwani na zamanin kakanni, kanad irin ta tsofaffin sojan Ingila, da libarba shida a akwatin gilashi, kowace da 'yar takardarta. Zahran a birnin Maskat ya yi kuɗinsa, ya dawo gida yana tara su kamar yadda wasu ke tara agogo, kuma babu wanda ya taɓa jin ya harba ko ɗaya. A tsakiyar bango ƙusoshi biyu ne tsirara. Nan ne mazaunin sam'ar kakansa, doguwar bindiga mai cin harsashi ɗaya, mai zobban azurfa tara. Ita kaɗai ce a ɗakin ba sayenta ya yi ba.

"Jiya da safe tana nan," in ji Zahran. "Muka tafi idi, muka dawo muka shiga yanka. Sai bayan la'asar na shigo da baƙi, na ga wayam."

"Mutum nawa suka shigo ɗakin nan tun jiyan?"

"Duk gari mana. Jaje."

Sulayyim ya dubi tayil ɗin, har goge shi aka yi da ruwan ƙamshi. "Madalla. To me zan bi, ƙamshin?"

"Ba sai ka bi komai ba, Baffa. Ba a fasa ƙofa ba. Makulli biyu ne, ɗaya yana rataye a cikin gida, ɗaya yana wurin Marhun mai gyara mini su. Kuma Marhun bai je idi ba. Ni so nake ka faɗa da bakinka a gaban jama'a, kada a ce na zalunci talaka. Yau bayan la'asar a zauren gari. In bai fito da ita ba, wurin 'yan sanda zan wuce, a rufe shagonsa."

Mutanen da suka cika ƙofa suka shiga gyaɗa kai. Su ne dai waɗanda Marhun ya shekara talatin yana gyara wa bindigogi, ladansa wani lokaci farantin dabino, amma mutanen Sudaira in suka ga inda mai kuɗi ya juya, ba sa jin wuyar juyawa.

A tsakar gida ya tarar da Shamsa, gwaggon Zahran, a bakin butar gahawa. Tsohuwa ce 'yar firit, ta girmi Sulayyim da shekara biyu. A tsohon gidan ƙasa na ubanta Halfan take zaune can bakin kwari, ta ƙi tarewa a benen ɗan wanta, hidimar Sallah ce kawai take shigo da ita. Ta zuba masa gahawa ta miƙo da hannun hagu.

"Har yanzu kana shinshinar ƙasa, Sulayyim?"

"Ita ma ta kusa shinshina ta."

Ya karɓa. A ransa ya ce tsufa bai yi ba, Shamsa da aka sani da tarbiyya ce yau take miƙa wa baƙo kofi da hagu. Ya shanye, ya girgiza kofin, ya fita.

Lungun su Marhun na cikin 'yan kaɗan da siminti bai kai ba, don haka Sulayyim ya bi shi da ɗan jin daɗi a ƙafarsa. Ya tarar da maƙerin a cikin shago, ƙofa rabi a rufe, ƙaton mutum ya zauna ya zuba wa guduma ido.

"Ka zo duba ƙarƙashin gadona?"

"Na zo in zauna. Miƙo kujerar can, gwiwata." Ya zauna ya huta. "Ina ka shiga lokacin idi, Baban Nasra?"

"Maƙabarta. Sallar farko ke nan babu uwar Nasra. Ban ga zan iya tsayawa ana rungumata ana yi mini barka ba."

"Wa ya gan ka?"

"Waɗanda suka gan ni ba sa zuwa shaida."

"An ce kun yi cacar baki da Zahran."

"Mun yi. Masaukin masu yawon buɗe ido zai buɗe, yana son ya rataye bindigogin a can, ya ce ba zai rataye mai rai a inda baƙi ke kwana ba. Sai a narka dalma a ɗura mata a ciki, shi ke nan ta zama sanda. Na kashe masa goma sha biyu, Allah Ya yafe mini. Da ya miƙo sam'a na ce ya nemi wani. Har na ce a gaban mutane gara a sace ta. Bakina ne ya ja mini."

"Tana tashi har yanzu?"

"Kamar jiya aka ƙera ta. Harsashin ne babu. Da can a gida ake ɗura shi, kwanso ɗaya a cika shi sau ashirin da baƙin albarushi. Rabona da ganin cikakke ya kai shekara goma sha biyar. Ga ta da wahala kamar jariri. In ka harba ta, ko sau ɗaya ne, ba ta kwana sai ka wanke cikinta da tafasasshen ruwa, in ba haka ba tokar albarushin ta cinye ƙarfen. Wa zai yi wannan a yaran yanzu?"

Daga bayan labule aka ji motsin mutum, aka kuma ji an ja hanci. Marhun ya rage murya.

"Nasra ce. Gida uku ta aika wa naman Sallah jiya da yamma, duka aka dawo mata da shi. Shagon ba ya damuna, Sulayyim, na tsufa. Sunan nan shi kaɗai zan bar mata."

Sulayyim ya dafa kujera ya miƙe, ya yi masa sallama.

A hanya wata mata ta tare shi, ta rantse ta ga Talib, wani dillalin bindigogi na garin Nizwa da ya zo gasar harbin da za a yi gobe, yana cusa wani dogon abu naɗe da darduma a bayan motarsa. Sulayyim ya same shi a inuwar masallaci yana fama da kwanon halwa, alewar mutanen ƙasar. Talib ya buɗe motar yana dariya. Kanad biyu ne a dardumar, da wata libarba mai karyayyen mariƙi.

"Sau uku ina taya sam'ar nan, Baffa, ya ƙi sayarwa. Amma sata? In kai ta ina? Zobe tara, na biyar a lotse. Ranar Juma'a in na fito da ita kasuwa, kafin in gama kwance ƙyalle mutum goma sun faɗa mini sunan kakan mai ita."

"Kai ma ba a gan ka a idi ba."

"Makara na yi a hanya. Ta kwari na biyo, ina jiyo huɗuba daga nesa." Ya tsaya da cokali a hannu. "Af, na kuwa ji wani abu. Harbi ɗaya. Ba tas irin na kanad ba, dum, mai nauyi, kamar an jefo buhun shinkafa daga bene. Na ce kunnena ne, don wa ke da harsashinta yanzu?"

"Ta ina?"

"Wajen tsohuwar magaryar nan."

Rana ta take sosai lokacin da Sulayyim ya gangara kwari, yana tsine wa gwiwarsa a kowane dutse. Sai da ya durƙusa har gemunsa ya kusa taɓa yashi sannan idon ya yarda ya yi aiki. Sawun na nan. Ƙaramar ƙafa ce, takalmin ya cinye ta gefe, ta dama ta fi nutsewa don an ɗauko kaya mai nauyi ta wannan ɓarin. Da farko ya ce yaro ne. Amma yaro ba ya tsayawa hutu duk bayan taku talatin, ba ya kuma dogara sanda.

Abin da ya fi tsayar da shi wuraren hutun ne. Ko'ina mai sawun ya tsaya, babu alamar gindin bindiga a ƙasa, sai dai yatsun ƙafar hagu sun lume cikin yashi. A kan ƙafarsa yake ɗora ta, ba ya yarda ta taɓa ƙasa. Rabon Sulayyim da ganin wannan tun masu gadin ganuwa na zamanin ƙuruciyarsa. A gindin magaryar ya ga inda aka durƙusa, ya ga inda aka ɗora bakin bindiga a reshe har ɓawon ya babbake, ya ga kuma inda mai harbin ya faɗi zaune da ta tokare shi. Ya lalube yashin kaf, babu kwanso. An tsince shi an tafi da shi.

Ya bi sawun komawa. Bai yi nisa ba ya tarar awaki sun tattake rabi, sauran kuma ya hau kwalta ya mutu. Sulayyim ya zauna a kan dutse, ransa a ɓace. Ƙafa ya samu, bai samu gidan da ta shiga ba, kuma la'asar na matsowa.

Yana zaune maganar Marhun ta dawo masa: ba ta kwana. Wanda ya ƙi yarda gindinta ya taɓa yashi, wanda ya tsaya tsintar kwanso alhali sata ya yi, ba zai iya barci ya bar ta da toka a ciki ba. Ya wanke ta jiya. Ruwan wankin kuwa dole an zubar da shi a wani wuri.

Ya miƙe ya bi bayan gidajen bakin kwari ɗaya bayan ɗaya, wannan karon da hanci. Ya sha warin jini da na tumbin rago har ya ƙoshi. A bayan gida na bakwai, gindin wata bishiyar lemon tsami, wani wari dabam ya tare shi, irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin kamar an zubar da tawada, ga dafaffen ganyen magarya a kai, ga wani tsumma mai ƙamshin man riɗi. Ya ɗaga kai ya dubi katangar ƙasar. Sai ya tuna kofin gahawar da aka miƙo masa da hagu, ya ji da ma bai fito daga gida ba yau.

Shamsa na zaune a tabarma, ƙofarta a buɗe.

"Ka yi nawa," ta ce. "Da can da tuni ka iso tun hantsi."

"Yaya kafaɗar?"

"Kamar jaki ya harbe ni." Ta ɗan yi murmushi, ya ɓace. "Za ka faɗa?"

"Shekara hamsin ban taɓa kiran sunan mace a zauren maza ba, ba kuma da 'yar Halfan zan fara ba. Zan faɗi abin da ƙasa ta nuna mini. Amma kin san ɗanki, in bai ga bindiga ba, ba zai ji ba."

"Gobe na so in mayar, in an tafi wurin gasa."

"Gobe Marhun yana hannun 'yan sanda. An dawo wa Nasra da namanta daga gida uku, Shamsa."

Ta sunkuyar da kai. Ya dafa bango ya miƙe, ya fita bai san abin da za ta yi ba.

Bayan la'asar zauren gari ya cika har ƙofa. Zahran na zaune a sama, makullin mota a hannu. Talib na gefe yana fifita da hularsa. Marhun kuwa an bar masa fili hagu da dama kamar mai ciwon da ake ɗauka. Sulayyim ya yi magana daga zaune.

"Talib bai ɗauka ba, ba shi da inda zai kai ta. Wanda ya ɗauka ya kai ta gindin magarya lokacin huɗuba, ya harba sau ɗaya, ya tsince kwanson, ya koma gida ya wanke ta da ruwan zafi da ganyen magarya. Ƙafarsa ba ta kai tafin hannuna da yatsu ba. Baban Nasra, miƙo taka."

Marhun ya miƙo wata ƙafa kamar faranti. Wasu suka yi 'yar dariya, suka haɗiye.

"Wane ne to?" in ji Zahran.

"Ƙafa na gani. Suna ba aikina ba ne."

"Wato tatsuniya ka kawo mini. Ba zai iya aiken wani ba? Ina bindigar, Baffa?"

Sulayyim ya dubi ƙofa, babu kowa sai 'yan kallo. Ya ji tsufansa gaba ɗaya ya sauko masa a kafaɗa. Zahran ya miƙe yana karkaɗe riga.

"Shi ke nan. Na ba da dama, kowa shaida ne."

A lokacin ne aka ji ƙwas, ƙwas na sanda a kan tayil. 'Yan ƙofa suka dare. Shamsa ta shigo, wurin da ba ta taɓa takawa ba tun tana yarinya, sam'ar rungume a hannu ɗaya, azurfarta na ƙyalli. Ta tsaya a tsakiya tana haki, ta ɗora gindin bindigar a kan yatsun ƙafarta ta hagu.

"Gwaggo," in ji Zahran. "Ina kika samo ta?"

"A bangonka, da makullinka. Zauna." Ya zauna. "Ubana ya riƙe ta shekara arba'in a kan ganuwa, ni nake ɗura masa harsashi tun ina 'yar shekara tara. Ubanka ya gada, ni nake ɗura masa. Kai ka gada ka rataye ta ka manna mata takarda, ban ce komai ba. Sai na ji za a ɗura mata dalma. Harsashi ɗaya ya rage a akwatina, ɗurin hannuna. Na ce bari in ji muryarta sau ɗaya kafin a toshe."

Ta jefa kwanson a kan darduma, ya gangara ya tsaya a gaban Talib. Sannan ta juya.

"Baban Nasra, kai na zalunta. Tun jiya nake jin ana yawo da sunanka, kunyar bakin mutane ta sa na bar ka a ciki. Ka yafe mini, ka ce wa yarinyar nan ta yafe mini."

Marhun bai ɗago ba. "Allah Ya yafe mana, Gwaggo."

Ta miƙa wa Zahran bindigar. "Ga kayanka. Buɗe ka duba ko na ɓata maka."

Zahran ya karɓa. Ya juya ta dama, ya juya ta hagu. Ya ja nan, ya danna can, ya laluba wurin da ake buɗe kanad, babu. Duk zauren na kallon mai bindiga arba'in da ɗaya yana neman ƙofar ta kakansa, gumi na bin wuyansa. Da abin ya yi tsawo, Marhun ya tashi, ya sa yatsa ɗaya ya danne mariƙin da ke ƙarƙashi, ta buɗe da wani ɗan sauti mai taushi. Ya ɗaga ta ya leƙa cikinta ta hasken ƙofa.

"Tsaf," ya ce. "Shekara talatin ina wanke ta, ban taɓa fitar da ita haka ba."

Ya mayar wa Zahran ita, ya ciro makullin ɗakin bindigogi daga aljihu ya ajiye a kan darduma, ya fita. Waɗanda suka gyaɗa kai da safe suka shiga yi masa sannu, bai kalli ko ɗaya ba. Sulayyim ma ya lallaɓa ya fice, don abin da ya rage na 'yan gida ne.

Da gari ya waye, kafin a fara gasa, ƙafarsa ta ja shi bakin kwari ba tare da kowa ya aike shi ba. A yashin ƙofar Shamsa ya ga sabon sawu, takalmi mai tsada wanda bai saba da ƙasa ba, irin na Zahran. Sawun ya shiga gidan ƙafar dama na nutsewa da nauyin bindiga, ya fito duka biyun sakayau. Sulayyim ya bi shi a hankali har lungun da siminti bai kai ba. A ƙofar Marhun sawun ya tsaya, ya daɗe yana tattaka wuri ɗaya. Ya juya ya yi taku shida, ya dawo. Ya sake juyawa, ya sake dawowa.

Takalman na nan a bakin ƙofa, an jera su gefe ɗaya, daga ciki kuma ana jin Nasra na daka gahawa. Sulayyim ya nemi dutse ya zauna ya miƙe gwiwarsa, ya ce bari ya ɗan huta kafin ya koma gida.